Na Kai Takardun Malam Sakkwato a Buhun Gero

A damanar da ta wuce iska ta ɗebe rufin ɗakin littattafan marigayi Malam Alhasan, ruwa ya shiga, bango ɗaya ya zube. Ni na ɗauki wani sashe na abin da ya rage na kai Sakkwato, na komo. Tun ranar da na sauka mutane ba su bar ni na huta ba. A bakin rijiya tambaya, a masallaci tambaya, har waɗanda ke Abijan suna kira ta waya. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zaunar da Mushe Sani, malamin boko na lakwal ɗinmu, na ce ya rubuta yadda na faɗa. Mai so ya karanta, ko a karanta masa.

Sunana Idi, aikina haƙar rijiya. Ban yi boko ba, a allo kuma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Rijiya ta taɓa rufta da ni, an tono ni. Na yi Libiya, na komo da raina. A shekarar babbar yunwa, da iyayena sunka mutu, gidan Malam Alhasan ne ya ba ni fura. Iyakar abin da ya haɗa ni da littattafan ke nan.

Garinmu yana ƙasar Adar, arewa da Afala. Littattafan Malam ba irin na kanti ba ne. Rubutun hannu ne tun na kakanninsa, kuma ba a ɗinke suke ba. Kowane littafi takardu ne warwara, an jera su, an sa a gafaka ta fata, an ɗaure. Tawadar ta ƙaro da gawayi ce, irin wadda ruwa ke wankewa.

Bayan la'asar hadarin ya taso daga gabas. Iska ta naɗe kwanon rufin kamar tabarma ta jefa shi a gonar mutane. Da ruwan ya tsagaita munka je, sai ga abin da ke kwararowa ta ƙofar ɗakin baƙi ƙirin. Mutane sunka gane tawada ce, sunka kawo ƙore suna tarawa, wai rubutu ne Allah ya wanke musu da kansa. Ni ma na sha. Ɗanɗanon laka ne da shi.

Kashegari munka yi abin da munka sani. Abin da ya jiƙe shanya shi ake yi. Munka kwance gafakan, munka shimfiɗa tabarmi a filin masallaci, munka baza takardu a rana kamar kuɓewa, kowace da tsakuwa a kanta. Kafin azahar iska ta sake tasowa. Kowa ya ruga yana tsinta yana cusawa a buhu. Takardun ba su da lamba. Littafi ya shiga littafi, kamar an zuba gero da dawa da wake a ƙwarya guda.

Bayan 'yan kwanaki buhunan sunka fara wari. Liman Abdu ya kira ni zauren maigari.

"Idi, za ka haƙa rami bayan maƙabarta. Mai zurfi, inda akuya ba ta kai baki."

"Na mi?"

"Na takardun. Sunan Allah na ciki, kuma sun lalace. Ba a barin su iska na yawo da su. Haka munka gada."

Haka ɗin kuwa munka gada. Amma Inna Hajo, matar marigayin, tana tsaye bayan zana tana ji. Ta tsufa ƙwarai, 'ya'yanta maza duk suna Abijan.

Ta ce, "Liman, na ga an rufe mai su. Kada a rufe min shi sau biyu."

Liman ba mugu ba ne, kuma a gaban Malam ya yi karatu. Ya ce, "Inna, kin ji warinsu? Funfuna ta kama su. Amma na ji. In akwai wanda ya san aikin da zai ce suna tashi, a kawo min shaida in gani da idona. Na ba ku har a yanke gero. In an ɗaure dammuna ba shaida, Idi ya haƙa."

Masu ƙarfin garin rabi suna ci-rani, rabi suna gona. Da damana ba a haƙar rijiya, ni kaɗai ne ba ni da aiki. Sai tafiyar ta faɗa kaina. Na ɗauki buhu ɗaya daga cikin buhunan, Inna ta naɗe shi da leda da tsohon zanenta. Ta ba ni gumba da cuku. Ta ce abu biyu: kada buhun ya taɓa ƙasa, kada kowa ya zauna kansa.

Zuwa Afala a ƙasa na tafi, don amalanke ba ta ƙetare ƙoramar da ke tsakaninmu. Ruwa ya kai min ƙirji. Buhu na kaina, takalmina ɗaya ya tafi. A Afala na sami motar kasuwa mai buɗaɗɗen baya, ta cika da mutane da awaki.

Karen motar ya ce, "Baba, kawo a ɗaure sama."

"A'a."

"To, aje ƙasa ka zauna kai. Kowa haka yake yi."

"A'a."

"Zinariya ce?"

"Takardun Malam ne."

Ya ce ko na Annabi Sulaimanu ne shi dai ba shi da wuri. Na hau na rungume buhun a cinya. Kusa da ni akwai wani dattijo Buzu mai shuɗin rawani. Sai ya jawo rabin buhun ya ɗora a gwiwarsa. Haka munka je har Tawa. Da zai sauka ya dafa buhun ya shafa a fuska.

A Tawa na sauka gidan Garba mahauci, ɗan garinmu. Ya karɓe ni da kyau, matarsa ta dafa kai da ƙafa. Muna ci ya dinga juya hanci.

"Idi, abin nan naka ba ya kwana waje? Yana wari."

"Garba, kai ne ke maganar wari?"

Matarsa ta yi dariya har ta zubar da romo. Buhun ya kwana a kan turmi, cikin ɗaki.

Da safe Garba ya nuna min inda ake taimakon waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Layi har titi. Da na kai gaban mai rubutu ya ce, "Gida nawa ya faɗi?"

"Ɗaki ɗaya."

"Mutum nawa ke kwana ciki?"

"Ba mutum."

"Dabbobi?"

"Littattafai."

Ya aje biro ya dube ni. Ya ce shi abin da ke hannunsa shinkafa ce da tabarma da gidan sauro. Ban ga laifinsa ba. Matar da ke bayana gida da rumbu ta rasa, tana goye da jariri. Na matsa na ba ta wuri. Mutumin ya kira ni ya ce in je ɗakin karatu na gari, wataƙila matar da ke can ta san wani abu, don su ma ruwan bai bar su ba.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. Ɗaki ne dogo, an rufe rabin samansa da tamfol. Alamar ruwa a bango ta kai gwiwa. Littattafai ko'ina a ƙasa, an tsayar da su a buɗe kamar bukkokin Fulani, fanka na kaɗa su. Mai wurin Madam Ramatu ce, Bazabarma daga Doso, aiki ya kawo ta Tawa. Hausarta tana ɗingishi amma tana isa inda za ta.

Ta buɗe bakin buhun ta leƙa. Ta ce, "Baba, kun shanya a rana?"

"Mun shanya."

Ta dafe kai. Ta ce rana gasa takarda take yi ta koma kamar ƙanzo, inuwa da iska ake so. Na ce an riga an yi. Ta ce haka ne.

Ta nuna min nata. Na ƙasa duk sun kumbura, wasu sun manne. Ta ce ta kai kuka inda ya kamata, tana jira, kuma kullum 'yan lakwal na zuwa ƙofa suna tambayar yaushe za a buɗe. "Amma nawa na inji ne, Baba. In Allah ya kawo mai taimako sai a sayo wasu. Naka in ya tafi ya tafi."

Ita ba ta iya gyaran irinsu ba, ta faɗa min kai tsaye. Amma ta taɓa jin labarin wani tsoho a Sakkwato, Malam Usmanu, da ke zaune cikin dukawa, aikinsa ke nan. Ba ta da lambarsa, ba ta ma san ko yana raye ba. Ranar nan ta bar nata aikin. Munka fitar da masu danshin, ta dinga sa farar takarda tsakaninsu don ta tsotse ruwan. Ta sa ɗankwali ta rufe hanci, ta ce in yi haka ni ma. Na ce na shaƙi abin da ya fi wannan a ƙasan rijiya. Ta ce a rijiyarka ke nan, nan ɗakinta ne. Na rufe.

Daga Tawa zuwa Ƙwanni kwalta ce, motar kuma mai kujeru. Wata Hajiya mai fataucin atamfa ta zauna gefena, ta cinye min rabin kujera da kunne gaba ɗaya. Kafin Badagishiri na san sunan duk surukanta. Ta tambaye ni ko buhun nan maganin gargajiya ne, don tana fama da gwiwa. Na ce ba na gwiwa ba ne.

Gab da Tsarnawa taya ta fashe. Direba ya ce kowa ya sauka a ɗaga mota, sai ga yayyafi. Ba gida, ba itace mai kirki. Na shiga ƙarƙashin wata babbar mota da ke tsaye a gefe, na kwanta rigingine, na ɗora buhun a cikina. Hajiya ta sunkuyo tana kallona.

"Malam, lahiya?"

"An ce kada ya taɓa ƙasa."

"Kai fa?"

"Ni ba a ce ba."

A Ƙwanni na canza kuɗi. Na ba da 'yan takardu kaɗan anka ba ni dami. Aljihu ya cika, ban ƙaru da kome ba. Ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin iyaka.

Masu kaki a can suna da wani dogon ƙarfe mai tsini da suke soka wa buhunan hatsi su ga abin da ke ciki. Aikinsu ne. Wani matashi cikinsu ya ga buhun gero a kafaɗata ya ɗaga ƙarfen. Na kama shi da hannu.

"Baba, sakar min ƙarfe."

"Kada ka soka."

"Ka san inda kake?"

"Na sani. Kada ka soka."

Mutane sunka ja baya. Hannun mai haƙar rijiya ba ya sakin abu da sauƙi, shi ma ya ji haka. Babbansu ya fito daga rumfa ya ce a kai ni ciki. Na ce a ba ni benci in ɗora buhun. Ya kwance da kansa, ya ɗaga takarda ɗaya ta gefe, ya motsa leɓe yana karantawa. Sannan ya ce akwai masu kwasar tsofaffin littattafai daga ƙauyuka su sayar wa baƙi, ta yaya zai san ba cikinsu nake ba.

Na ce, "Wa zai sayi wannan? Shaƙa."

Ya sa hanci ya yi tari har da hawaye. Na ba shi labarin a gajarce. Ya ɗaure buhun da kyau fiye da yadda ya same shi, ya ce wa matashin ya mai da ƙarfensa. Da zan fita ya ce in na kai in sa su a addu'a. Na ce ni ɗan dako ne, addu'ar tana cikin buhu.

Daga Illela zuwa Sakkwato ba abin da ya faru sai tsaye-tsaye. A garinmu ana tambayata yadda Sakkwato take. Na ce musu mutanen Sakkwato Hausarmu ɗaya, amma sun fi mu yawan ranka-ya-daɗe. Duk mai babbar riga sai an faɗa masa, ko bashi ya ciwo ta. Gari ne mai zafi da ƙarar injin wuta. Keke mai ƙafa uku ya fi jakunan Adar yawa. Wurin da na sayi fura an sa mata sukari da ƙanƙara, ta yi ruwa-ruwa, mutum ya sha ya tashi kamar bai sha ba. Tuwon shinkafarsu yana da daɗi, sai dai ba ya zama a ciki. Gumbar Inna ce ta riƙe ni.

Na sauka wurin wasu Adarawa masu sayar da ruwa a kura, mutanen wajen Bambai. Suna kwana a zaure ɗaya kamar kifi a kwando. Ba su san ni ba, amma da na faɗi garinmu sunka matsa. Babbansu ya san unguwar dukawa don yana kai musu ruwa. Shi ya raka ni.

Malam Usmanu yana raye. Tsoho ne siriri, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, ƙafafunsa a kumbure. Yana zaune a zaure mai ƙofa biyu, iska na ratsawa. Na yi sallama na durƙusa. Ya ji bakina ya ce, "Ba'adare, ka zo Sakkwato ba albasa?"

"Na zo da cuku."

"To, shigo."

Ya sa na wanke hannu na bushe shi sarai kafin in taɓa kome. Ya fitar da takardun kaɗan-kaɗan. Kayan aikinsa ba su da yawa: gashin kaza na share funfuna, wata 'yar wuƙar ƙashi ta raba waɗanda sunka manne, ƙullu a kasko, da takarda mai shara-shara ta liƙe yaga. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ga wannan takarda babba ce, ta bayanta ƙarama, ta bayanta wani hannun daban, sai ya cire tabarau.

"Wa ya kwance gafakan?"

"Mu duka."

"Da kun bar kowane a ɗaurensa, ko yana ɗiga, da na san ta inda zan fara. Ruwa ya yi tasa ɓarna, ku kun fi shi."

"Mun fi shi."

"Ba ka gardama?"

"Ina wurin."

Ya mai da tabarau. Ya ce aƙalla ba zai ɓata yini yana jayayya ba.

Cikin kwanakin da na yi can ya kasa buhun kashi uku a kan tabarma. Ya ce waɗannan masu lafiya ne, waɗannan majinyata, waɗannan kuma sun mutu. Matattun su ne waɗanda tawada ta wanke sunka koma fari, da waɗanda sunka dunƙule kamar tubali. Ya ce a kansu Limanmu ya yi gaskiya, a rufe su da mutunci. Amma ba su kai sauran yawa ba.

Ya nuna min yadda ake mai da littafi. A ƙasan kowace takarda magabata na rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce farkon takardar da ke bi. Mai karatu sai ya bi wannan. Na ce ni ban iya ba. Ya ce ya sani, amma ina da ido. Tsofaffin littattafai tsutsa ta huda su tun da daɗewa, kuma tsutsa ba ta tsallake takarda. Ya ce in haɗa biyu in ɗaga su wajen hasken ƙofa. In huji ya hau huji, maƙwabta ne, in aje masa tare. Haka munka yi, ni huji, shi kalma. Na yi kuskure da yawa. In na kawo masa waɗanda ba su dace ba sai ya ce na aurar da jaka ga raƙumi.

Na roƙe shi ya bi ni garinmu ya faɗa wa Liman da bakinsa. Ya nuna min ƙafafunsa. Ya ce ko masallacin Juma'a a keke ake kai shi. "Kuma Limanku bai ce a kawo masa tsoho ba. Ya ce shaida. Littafi za ka kai masa."

Daga cikin masu lafiyar wani ɗan ƙarami ya fara haɗuwa. Malam ya karanta farkonsa ya yi dariya, ya ce nawa ne, don magana ce a kan ruwa da tsarki, da abin da ake yi in dabba ta mutu a rijiya. Munka bi shi har ƙarshe. Ya haɗu duka, sai takarda ɗaya a tsakiya. Munka juye buhun, babu.

Na ce, "Malam, kai ka san abin da ke wurin. Rubuta ka cike."

"A'a."

"Wa zai gane?"

"Ni. Takardar nan ba a ce ta mutu ba. Ko tana cikin buhunan da ka bari gida, ko tana cikin akuya. Sai an duba. Ba na sa hannuna a wurin hannun wani yana nan."

"Liman ya ce shaida. Littafi mai giɓi shaida ne?"

"Kai shi haka."

Raina ya ɓaci. Na ƙetare ruwa da iyaka, kuma abin da zan kai gida mai giɓi ne. Amma ba a yi wa mai aiki dole a aikinsa. Maƙwabcinsa baduku ya ɗinka wa littafin sabuwar gafaka. Majinyatan Malam ya riƙe su, ya ce zai bi su a hankali, in rai ya kai. Ni kuma na ga rijiyar gidansa ta cika da laka, na shiga na yashe masa. Da zan tafi ya ce in gaida Inna Hajo, kuma in an sake yin ruwa mu ɗaure hannuwanmu a baya.

A hanyar komowa na ga an fara yankan gero wajen Badagishiri. Ban kwana Tawa ba. Na dai biya wurin Madam Ramatu na faɗa mata mutumin yana raye. Tamfol ɗin yana nan a samanta, taimakon bai iso ba. Duk da haka ta ƙara min farar takarda daga ɗan abin da ke gare ta.

Na iske namu geron ya nuna, ana wasa lauje. Da hantsi anka taru a zauren maigari, Inna na bayan zana. Na aje buhun a kan tabarma, na miƙa wa Liman gafakar. Na koma gefe na zauna.

Ya kwance ya duba. Ya ce, "Wannan na san shi. A gaban Malam munka karanta shi." Ya fara karantawa da ƙarfi, yana ɗaga takarda yana ajewa, yana gyaɗa kai. Ni ina kallon tsakiyar tana matsowa. Ya kai wurin ya tsaya. Ya dubi ƙasan takardar, ya dubi saman ta gaba.

"Akwai giɓi."

"Akwai."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ba ka tambaya ba."

Maigari ya ce, "To, ke nan shaida ba ta cika ba."

Na ji Inna ta gyara tsayuwa bayan zana. Liman ya rufe ido ya ci gaba da ka, yana jawo abin da ya kamata ya kasance a wurin. Ya yi nisa, sai ya cije. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake cijewa a wuri guda.

Ya ce, "Akwai wani sharaɗi a nan. Malam ya tsaya kansa, har ya ba mu misali da rijiyar Barmu. Ya ɓace min." Ya dubi tsofaffin da ke zauren. Ba wanda ya tuna. Ya sake gwadawa, bai fito ba. Fuskarsa ta canza, irin ta mutumin da guga ya tsinke masa a rijiya yana ganinsa.

"Sauran buhunan suna ina?"

"Ɗakin Inna."

"A kawo su."

Maigari ya ce, "Ramin fa, Liman?"

"Rami ba ya gudu. A kawo tabarmi."

Wasu sunka tashi za su shimfiɗa a filin masallaci. Na ce a inuwa, kuma kowa ya wanke hannu.

Daga ranar zauren Malam Alhasan ya koma wurin aiki. Na nuna musu abin da anka nuna min. Liman da tsofaffi biyu masu karatu suna bin kalma, ni da duk mai ido muna bin huji. Matattun mun ware su. Da sunka taru na haƙa musu rami bayan maƙabarta, ƙarami, bai kai min ƙugu ba. Inna ta ba da farin ƙyalle anka naɗe su.

Takardar nan ɗaya har yau ba a gan ta ba. Liman ya ce ba zai bari ba sai ya ga sharaɗin da idonsa. Cikin nemanta littattafai da dama sun koma gafakansu, kuma ba wanda ya sake ta da maganar babban rami.

Masu tambaya mi ake bukata, ga shi. Ɗakin ba shi da rufi, buhunan na ɗakin Inna, ita tana kwana a rumfa. Farar takarda ta kusa ƙarewa. Masu karatun namu idonsu ya yi rauni, ɗayansu tabarau na aro yake sawa. Ana bukatar masu karatu da za su zo su zauna, ba su leƙa su tafi ba. Wanda ke Tawa kuma ya leƙa ɗakin Madam Ramatu, 'yan lakwal na nan suna jira a ƙofa. Ku na Abijan, kun ji. Damana na komowa.

Ni yanzu ina gida. Rani ya shigo, an aiko min da aikin rijiya daga wajen Barmu, na ce su jira a ɗora rufi. Kullum da safe ina zauren Malam, bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ina ɗaga takardu biyu-biyu.